Binciken Lasisin Windows: Kare Haƙƙi ko Wuce Gona da Iri?

A watan Oktoban 2008, ɗimbin masu kwamfuta a ƙasar Sin suka kunna na'urorinsu suka tarar allo ya koma baƙi ƙirin. Hoton da mutum ya ƙawata allonsa da shi ya ɓace, ga kuma ɗan rubutu a kusurwa yana shaida masa cewa ta yiwu jabun kaya aka sayar masa. In ya mayar da hotonsa, bayan awa guda baƙin ya dawo. Kamfanin Microsoft ne da kansa ya yi wannan aiki, ta wata sabuntawa da ya tura wa masu amfani da Windows XP domin ya tantance mai lasisi da marar lasisi. Nan take gari ya ɗauki zafi. Wani lauya a birnin Beijing mai suna Dong Zhengwei ya kai ƙorafi gaban Ma'aikatar Tsaron Jama'a, yana cewa a duk faɗin ƙasar babu mai kutse da ya kai kamfanin girma. Shi kuwa kamfanin cewa ya yi bai taɓa wa kowa fayil ba, bai hana kowa aiki ba, tunatarwa kawai yake yi ga wanda ke cin guminsa bai biya ba.

Har yau wannan gardama ba ta kwanta ba. In mutum ya sayi kwamfuta da kuɗinsa ya kai ta gida, har ina ya halatta hannun wanda ya rubuta babbar manhajar da ke tafiyar da ita ya kai? Yana da ikon leƙowa lokaci-lokaci don ya ga ko an biya shi? In ya ga kamar ba a biya ba, shi zai yanke hukunci kuma shi zai zartar? Wasu sun ce ƙwarai kuwa, mai kaya na da ikon tsaron kayansa. Wasu sun ce a'a, an fake da guzuma ne ana harbin karsana. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma shekaru ashirin da 'yan kai da aka yi ana gwada wannan tsari sun isa a ɗora maganar kowa a kan sikeli.

Yadda binciken yake aiki

Kafin 2001 abin babu wahala. Ka sayi faifai, ka shigar da lambobin da ke jikin kwalinsa, shi ke nan. Faifai ɗaya da lamba ɗaya sai su zaga ofis, su zaga unguwa, kamfanin bai sani ba. Windows XP, wadda ta fito ranar 25 ga Oktoban 2001, ita ta sauya wannan al'ada. Bayan ka shigar da mabuɗin nan mai haruffa da lambobi 25, sai manhajar ta duba sassan na'urarka guda goma, irin su ƙwaƙwalwarta da rumbun ajiyarta da katin da ke haɗa ta da intanet, ta harhaɗa wata lamba da ke bambanta kwamfutarka da ta kowa. An ba ka kwana 30 ka aika wannan lamba ga kamfanin. Wanda ba shi da intanet sai ya buga waya, ya karanto lambobi 50 ɗaya bayan ɗaya, a karanto masa wasu 42 ya rubuta. In kwanakin suka cika bai yi ba, ƙofa ta rufe. In kuma daga baya ya sauya sassa da yawa, manhajar sai ta ɗauka an kwashe ta an kai wata na'urar, ta nemi a sake rajista.

A Yulin 2005 aka ƙara wani mataki mai suna Windows Genuine Advantage: duk mai son sauke ƙarin kayan aiki daga shafin kamfanin sai an fara bincikar na'urarsa. A 2006 aka ƙara mai gargaɗi da ke zaune a cikin kwamfutar yana tsegumi. Windows Vista ta zo da hukunci mafi tsanani, inda na'urar da ta faɗi jarrabawa ke komawa gurguwa, a bar mutum da manhajar shiga intanet ta awa ɗaya kacal sannan a fitar da shi. A yau an sassauta. Tun daga Windows 8 a 2012, kamfanonin ƙera kwamfuta ke dasa mabuɗin a cikin uwar allon na'ura, kuma Windows 10 da 11 marasa rajista suna ci gaba da aiki, illa dai rubutun nan mai dishi-dishi da ke maƙale a kusurwar allo, da hana mutum sauya ado da launi.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce gumi. Babbar manhaja aikin dubban mutane ce na tsawon shekaru, kuma bayan an sake ta sai an ci gaba da toshe mata ɓaraka kowane wata. Wani ne ke biyan albashin masu wannan aiki. Wannan koke ya girmi Windows kanta. A Fabrairun 1976, Bill Gates yana saurayi ɗan shekara 20 ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta, yana kukan cewa cikin masu na'urar Altair, waɗanda suka sayi manhajar BASIC da kamfaninsa na Microsoft ya rubuta ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, har ladan wahalarsu bai kai dala 2 a awa ba. Masu wannan ra'ayi sun ce sauƙin kwafar abu ba ya mayar da shi na banza. Ga wanda ke auna al'amura da ma'aunin addini ma, sukan tuna masa cewa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba.

Mu ma a nan mun san zafin abin idan ya zo kan namu. Satar fasaha na cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa, kuma mawaƙa da marubuta sun daɗe suna kuka da masu turin ayyukansu a waya kan 'yan kuɗi ƙalilan. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Nijeriya a Maris ɗin 2023 ta samu maraba daga waɗannan masu fasaha. To, in ji masu goyon baya, da wane baki za mu la'anci mai turin fim, alhali kwamfutar da muke rubuta la'anar a kanta da manhajar sata take tafiya? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hujja ta biyu ita ce girman matsalar. Ƙungiyar manyan kamfanonin manhaja ta BSA, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutocin duniya ba su da lasisi. A Amurka kashi 15 ne, a Sin kashi 66, a Nijeriya kashi 80. Wane ɗan kasuwa ne zai ga haka ya naɗe hannu? Kuma tun farko kamfanin bai yi iƙirarin zai kama ƙwararrun ɓarayi da wannan tsari ba. Waɗanda ya nufa su ne masu kwafar ganin dama: ofishin da ya sayi faifai ɗaya ya zuba a kwamfuta ashirin, ko mai shagon da ke loda wa kowace na'ura lamba ɗaya. Irin waɗannan ɗan cikas kaɗan ya isa ya sa da yawansu su biya.

Hujja ta uku ita ce kare mai saye. Ba duk mai jabun Windows ne ya san jabu ce ba. Akwai wanda ya biya cikakken kuɗi aka miƙa masa kwali mai ƙyalli da tambari, alhali a wata masana'antar ɓoye aka buga shi. In ba don bincike ba, har abada ba zai san an damfare shi ba. A Yulin 2007, hukumar FBI ta Amurka da 'yan sandan Sin suka tarwatsa wani gungu a lardin Guangdong, suka kama kayan da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 500. Microsoft ya ce faifan jabu da masu saye suka aiko masa bayan bincike ya tona musu asirin abin da ke hannunsu sun taimaka wajen bin sawun gungun. A ƙarshen 2008 wata kotu a Shenzhen ta ɗaure mutum 11 daga cikinsu. Sannan akwai ɗan kasuwa mai gaskiya wanda ke biyan lasisin kowace na'ura da ya sayar. In babu abin da ke bambanta kayansa da na maƙwabcinsa mai lodin banza, kullum shi ne zai zama mai tsada, har kasuwa ta kore shi.

Hujja ta huɗu tsaro ne. Wanda ya fasa makullin manhaja ya raba kyauta, me ya hana shi cusa wani abu a ciki? A ƙarshen 2021 kamfanin tsaron intanet na Red Canary ya bayyana yadda ake ɓoye wata muguwar manhaja mai suna Cryptbot a cikin KMSPico, ɗaya daga cikin sanannun kayan yi wa Windows rajistar bogi. Aikinta kwashe kalmomin sirri da bayanan asusun kuɗi. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da masu adawa ke cewa

Masu adawa ba su cika musun cewa mai aiki ya cancanci lada ba. Abin da suke tambaya shi ne: wa tarkon yake kamawa? Tun kafin Windows XP ta shiga kasuwa, wani mabuɗi na manyan kamfanoni, irin wanda ba ya buƙatar rajista ko kaɗan, ya riga ya ɓulle ya bazu a duniya. Mai faifan sata sai ya shigar da shi ya wuce abinsa. Mai faifan gaskiya kuwa shi ne zai zauna da waya a kunne yana karanto lambobi 50, shi ne kuma in rumbun ajiyarsa ya ƙone ya sauya sassa zai koma yana rantsuwa cewa na'urar dai ita ce. Da aka wajabta binciken 2005, ba a yi kwana biyu ba aka gano hanyar tsallake shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sai maganar kuskure. A farkon 2007 kamfanin ya ce fiye da mutum miliyan 500 sun bi ta binciken, kimanin kashi 22 cikin 100 sun faɗi, kuma waɗanda aka yi wa ƙage bisa kuskure ba su kai kashi 1 ba. A baki wannan kaɗan ne. Amma ko rabin kashi 1 na miliyan 500, mutum miliyan biyu da rabi ke nan. A Agustan 2007 abin ya fito fili. Wani kuskure da ma'aikatan kamfanin suka yi a kan manyan na'urorin tantancewa ya sa aka shafe sa'o'i da dama ana gaya wa masu lasisin gaskiya cewa kayansu jabu ne, masu Vista har aka kashe musu wasu ayyukan na'ura. Kamfanin ya ce abin bai kai kwamfuta 12,000 ba. Ga masu adawa, darasin ya wuce adadi: mutum bai yi laifin komai ba, na'urarsa lafiya lau take, amma tuntuɓen da wani ya yi a wata nahiya ya isa ya sa a kira shi ɓarawo a kan teburinsa.

Hujjarsu ta uku ɓoye-ɓoye ne. Mai gargaɗin nan na 2006 an turo shi ne cikin jerin muhimman sabuntawa, inda mutane suka saba karɓar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta, don haka da yawa suka karɓa ba su san abin da suka karɓa ba. A watan Yuni na shekarar, wani mai fafutukar kare sirrin jama'a a Amurka, Lauren Weinstein, ya lura cewa manhajar tana tuntuɓar kamfanin kullum, ko da na'urar ta riga ta ci jarrabawa. Ba a faɗa wa kowa haka ba. Kamfanin ya amsa, ya gyara, aka kuma kai shi ƙara a wata kotun tarayya da ke Seattle bisa zargin leƙen asiri, ƙarar da aka rufe a 2010. Masu adawa sun ce ko da bayanan da ake aikawa ba su da wata illa, an riga an ci amana. Lasisi kamar haya yake: mai gida na da haƙƙin kuɗinsa, yana da haƙƙin ya tambayi rasit. Amma ya riƙe mabuɗi na biyu, ya riƙa shigowa kowace safiya babu sallama, in kuma ya yi zaton ba a biya ba ya yanke wuta tun bai saurari ɗan haya ba, wannan ba neman haƙƙi ba ne kuma.

Na huɗu shi ne farashi. Windows 11 ta gida dala 139 ce a shagon kamfanin. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. A canjin da ya yi ta kai-kawo kusa da naira 1,500 kan dala ɗaya a 2025, kuɗin lasisi ɗaya ya haura naira 200,000, kusan albashin wata uku. Ma'aikaci a Amurka kuwa aikin kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi. In aka ce kashi 80 a nan, kashi 15 a can, shin halin mutane ne ya bambanta ko aljihunsu? Masu adawa kan ƙara da cewa shi kansa kamfanin ya san yana cin moriyar satar. A 1998, a Jami'ar Washington, Bill Gates ya faɗa a bainar jama'a cewa tunda dai mutanen Sin za su saci manhaja, gara su saci tasu, in sun saba da ita daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Kowane yaro da ya koyi kwamfuta a kan Windows ta sata, gobe shi ne ma'aikacin da zai ce wa ofishinsa ba ya iya aiki da wata.

Sun kuma nuna wanda kan sha dukan a ƙarshe. A 2006 aka tuhumi Alexander Ponosov, shugaban wata makarantar ƙauye a Sepych da ke yankin Perm na Rasha, saboda kwamfutoci 12 da makarantar ta saya da manhajojin sata a cikinsu. Ya ce haka dillali ya kawo su. A lokacin, hukuncin laifin na iya kaiwa shekara 5 a kurkuku. Tsohon shugaban Tarayyar Sobiyat, Mikhail Gorbachev, har buɗaɗɗiyar wasiƙa ya rubuta wa Bill Gates a Fabrairun 2007 yana nema masa sassauci, kamfanin ya ce ba shi ya shigar da ƙarar ba. An ci malamin tarar rubul 5,000, sai a Disambar 2008 aka wanke shi. Daga nan ya koma mai kira ga makarantu su rungumi manhajojin kyauta.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta jingina. Na'urar da sai ta nemi izini daga wani wuri kafin ta yi aiki, ranta na hannun mai wurin. A Disambar 2012 kamfanin Adobe ya kashe na'urorin rajistar tsohuwar manhajarsa ta CS2, sai da ya raba wa masu ita wasu lambobi marasa buƙatar rajista don kada kayan da suka saya su zama gawa. Wannan ganin damar kamfani ne, ba dole aka yi masa ba. A Maris ɗin 2022 kuma Microsoft ya dakatar da sabon ciniki a Rasha saboda yaƙin Yukiren. Ko mutum na ganin matakin daidai ne, ya nuna wa kowace gwamnati cewa mabuɗin kwamfutocin ofisoshinta na iya zama makamin siyasa.

A kan sikeli

In aka tsaya aka duba, kowane ɓangare yana da wurin da ƙafarsa ke rawa. Masu adawa sukan zame daga sukar hanyar bincike zuwa halatta satar kanta, kuma waɗannan maganganu biyu ne daban. Tsadar abu na iya zama uzuri ga ɗalibin da ke neman na rubuta jarrabawa, amma ba uzuri ba ne ga banki ko kamfanin gine-gine ko ma'aikatar da ke ware kuɗin kwamfuta a kasafinta kowace shekara. Kuma ba a rasa zaɓi ba. Babbar manhajar Linux na nan tun 1991, wani nau'inta mai suna Ubuntu tun 2004, kyauta kuma halal. Makarantun gwamnati a jihar Kerala ta Indiya sun shafe fiye da shekara 15 suna koyar da yara a kan Linux. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan manhajojin kyauta. Wanda ya ga waɗannan hanyoyi ya ce shi dai sai Windows, kuma ba zai biya ba, hujjar talauci ba ta rufe shi gaba ɗaya ba.

Masu goyon baya kuwa rauninsu na cikin tarihin kamfanin da suke karewa. Kusan duk wani tsanani da aka gwada, an janye shi. Leƙen kullum na 2006 an daina cikin makonni. Gurguntar da na'ura da Vista ke yi, kamfanin ya sanar da cire shi a Disambar 2007, tun manhajar ba ta cika shekara a kasuwa ba. A 2007 ya yi wa gwamnatocin ƙasashe masu tasowa tayin tarin manhajoji, har da Windows, a kan dala 3 don ɗalibai. A 2015 ya ba masu lasisin Windows 7 da 8.1 damar hawa Windows 10 kyauta. Kamfanin Apple ma tun 2013 ya daina karɓar kuɗin sabuwar babbar manhajarsa, domin ribarsa na jikin na'urar da yake sayarwa. Abin da ya fi jawo mutane ga kayan gaskiya shi ne sauƙin farashi da samun manhajar a cikin na'ura tun daga masana'anta. Da a ce horo ne ke aiki, da ba a yi ta sassautawa ba.

Hujjar tsaro ma kaifi biyu gare ta. Gaskiya ne kayan sata na ɗauke da cuta. Gaskiya ne kuma kamfanin ya bar ƙofar sabuntawar tsaro a buɗe har ga marasa lasisi. Sai dai tunda aka taɓa turo ɗan leƙen asiri ta wannan ƙofa, mutane da yawa suka koyi rufe ta ruf. Da cutar WannaCry ta ɓarke a Mayun 2017 ta shafi ƙasashe kusan 150, maganinta ya riga ya fito tun watan Maris. Sin da Rasha na cikin inda ta fi yin ɓarna, kuma masana tsaro sun danganta hakan da yawan kwamfutocin da ba sa karɓar sabuntawa. Na'urar da ta kamu ba ta tambayar lasisin maƙwabciyarta kafin ta harbe ta. Saboda haka duk abin da zai sa mutum tsoron sabuntawa, kowa yake cutarwa, har da wanda ya biya.

Akwai wani abu da ke faruwa a shagunan gyaran kwamfuta na garuruwanmu da ke nuna yadda tsarin ke juyewa a hannun talaka. Mutum ya sayi kwamfutar hannu daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Turai ko Amurka. Ta yi nauyi, ya kai ta wurin mai gyara a goge ta a sake loda mata manhaja. Bayan 'yan kwanaki ya dawo yana nuna kusurwar allo.

"Injiniya, wannan rubutun fa? Da babu shi."

"Ba komai ba ne, Alhaji. Zauna, minti biyar zan cire maka shi."

Sai ya zaro filas daga aljihu, ya kashe mai gadin na'urar da ke kama ƙwayoyin cuta, domin in yana kunne ba zai bar abin ya shiga ba, ya danna wani maɓalli, rubutu ya ɓace. A ƙarshe ya kashe sabuntawa, ya ce kada ta riƙa cinye wa Alhaji data. Abin da Alhaji bai sani ba, wani lokaci shi ma mai gyaran bai lura ba, shi ne da yawan irin waɗannan na'urori suna ɗauke da lasisin gaskiya a dashe cikin uwar allonsu, wanda mai ita na farko ya riga ya biya. Da an loda mata nau'in Windows da ya dace da mabuɗinta, da ta yi rajista da kanta da zarar ta hau intanet. Amma an loda mata na ofis alhali mabuɗinta na gida ne. Ga shi mai lasisi ya koma marar lasisi, an buɗe wa ɓarawo ƙofa, an kuma toshe hanyar magani, duk don gudun ɗan rubutu a kusurwa. A nan kamfanin bai ƙaru da ko sisi ba, mai na'ura kuwa ya yi asara uku.

Inda na tsaya

Ni a ganina, haƙƙin tambaya yana nan daram. Wanda ya rubuta manhaja ya ce ta kuɗi ce yana da ikon ya tabbatar, lokacin da ake ɗora ta a kan na'ura, cewa mabuɗin na gaskiya ne, kuma yana da ikon sanar da mai na'ura in ba haka ba ne. Wannan sanarwa ma alheri ce ga wanda aka damfara. Abin da ba shi da shi shi ne ikon zama mai ƙara, alƙali da mai zartarwa a lokaci guda, a cikin na'urar da ba tasa ba.

Saboda haka bincike mai adalci sai ya cika wasu sharuɗɗa. A faɗa wa mutum a fili, da harshen da zai gane, abin da za a ɗauka daga na'urarsa da lokacin da za a ɗauka. Kada a sake haɗa shi da sabuntawar tsaro, kada kuma a hana kowa wannan sabuntawa. In na'urorin kamfanin suka samu tangarɗa, a ɗauki mutum a matsayin mai gaskiya har a gyara. Hukunci ya tsaya a gargaɗi, kada ya kai ga raba mutum da aikinsa ko fayilolinsa, domin ta yiwu na'urar ta asibiti ce ko ta makaranta. A samar da hanya mai sauƙi ga wanda ba shi da intanet mai ƙarfi. Ranar da kamfani ya daina kula da wata manhaja, kamar yadda ya daina da XP a Afrilun 2014, ya sake wa waɗanda suka saye ta mara. Sannan in da gaske ana son mutanen Kano da Zinder da Tamale su biya, a sa farashin da aljihunsu zai ɗauka. Kamfanin ya taɓa yin irin haka da ƙaramar Windows mai rahusa da ya kai Tailan da Malesiya da Indonesiya a 2004, don haka ba abu ne da ya gagara ba.

Mu ma akwai namu. Ma'aikatu da kamfanoni da manyan makarantu masu hali su biya, ko su yi ƙaura zuwa manhajojin kyauta da tsari da horar da ma'aikata. Masu gyara su koyi duba ko na'ura na da mabuɗi a jikinta kafin su miƙa hannu ga filas. Wanda ba shi da halin saye kuma aikinsa bai wuce rubutu da lissafi da shiga intanet ba, ya gwada Linux, za ta ishe shi, kuma tsohuwar na'urarsa ma za ta fi sauri. Kuskuren kamfani wajen neman haƙƙinsa bai goge haƙƙin ba, haka nan bashin da yake bin wasu bai ba shi izinin ɗaukar kowa a matsayin ɓarawo ba.